Injin Iska da Gyaran Inna

Shekarun baya, lokacin da hanyoyinmu ke da lafiya, mutum ya hau babur daga Filinge ya ratsa ƙauyukan Kurfai ba ya ko waiwaye, na yi wani aiki wanda har yau in na faɗa sai a yi mini kallon mai zolaya. Aikina shi ne in faɗi lokacin da ruwan sama zai cinye fikafikan injin iska. Wasunku sun sha tambayata abin da ya fi ba ni tsoro a aikin hawa sama, suna zaton zan ce faɗuwa. To ga amsar yau, kuma ƙafafuna biyu suna ƙasa abin ya same ni.

Wani furoje ne, wato shirin raya karkara, ya kafa ƙananan injunan iska a wasu ƙauyuka. Dogon ƙarfe ne da fikafikai uku a kansa, iska ta juya su, su ba da wuta, wutar ta tuƙa famfo ya cika shato, wato tankin ruwa na sama, mata su huta da jan guga. Mutanen ƙauye fanka suke ce masa. Fikafikan ba na ƙarfe ba ne, wani irin zare ne da aka daskarar da gam, aka shafe da fenti mai santsi. In kana ƙasa sai ka ga kamar a hankali suke juyawa, amma can ƙarshen fiffiken gudunsa ya fi na motar da ta samu kwalta babu kowa. Ɗigon ruwan da zai sauka a kuncinka ka ji daɗi, in ya gamu da bakin fiffike a wannan gudun, tsakuwa ne. Da farko fenti ya dusashe, sai ƙananan ramuka su fito, daga nan bakin ya buɗe ruwa ya samu hanyar shiga. A lokacin ne fiffike ke fara fito in yana juyawa. In aka ƙyale shi sai ya yi nauyi gefe guda, ya tsage, wata rana ya ɓalle ya faɗa kan wanda tsautsayi ya kawo.

Ni nawa shi ne in bi ƙauyukan nan in karɓi awon ruwan da ya sauka, in duba ƙarfin iska, in ɗauki hoton fikafikan, in zuba duka a ordinata, wato kwamfuta, a buro, ofishinmu ke nan. Ita kuma ta lissafa ta ce wannan zai kai damina kaza kafin bakinsa ya buɗe. A lokacin ban daɗe da gama karatu a Yamai ba, an ba ni farar hular kwano, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ko tsire zan saya sai na jefa Faransanci a ciki.

Ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka zaɓa shi ne garinsu mahaifiyata. Na zaci za ta yi murna da na gaya mata, sai na ga ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta dai ce in je in yi aikina in dawo, kada in kwana. Mahaifiyata tun da aure ya kawo ta Filinge ta riƙe sallarta, ba ta son zancen gidansu. Abin da na sani kawai shi ne kakana zima ne, wato shugaban masu bori na yankin, kuma ya rasu tun ba a haife ni ba. A can akwai kawuna, ƙanenta, da yayarta wadda muke ce wa Inna.

Inna tun muna yara muke jin tsoronta, ba don ta taɓa yi mana komai ba. Ba ta magana sai dole. Tana cikin daka sai ta tsaya da taɓarya a sama, ta karkata kai kamar wadda aka kira daga nesa, ta daɗe a haka, sannan ta ci gaba. An yi mata aure bai zauna ba. In mun tambaya sai a ce ba ta da lafiya, mu yi shiru.

Ranar da aka ɗaga injin a kan tudun da ke bayan gari, shugabana ya yi jawabi da Faransanci ya ce in fassara wa jama'a, tunda ni ɗan gida ne. Na gyara hular kwano na shiga zuba. Da na zo kan nawa fannin sai na ƙara gishiri don a san ni ma ba baya ba ne. Ina tune da abin da na faɗa sarai, don daga baya an sa na maimaita shi. Na ce, "Wannan abu iska ce ke tafiyar da shi. Damina uku nan gaba ruwa zai buɗe masa baki, iska za ta fara kuka a kansa. Ranar da kuka ji, kada kowa ya taɓa. Ku aiko mini, ni zan zo da kaina in yi gyara."

Na jira tafi, ba a yi ba. Tsofaffin da ke gaba suka sunkuyar da kai. Kawuna ya dube ni kamar zai yi magana, ya fasa. Can bayan mata na hango Inna ta ɗago tana kallona ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da nake. Ni kuwa na ɗauka ilimi ne ya yi musu nauyi.

Daga ranar komai ya sauya, ni ne dai ban gane ba. In na zo karɓar awo, tsofaffin da suka girmi mahaifiyata sai su miƙe su gaishe ni. Inna da kanta take kawo mini ruwa a sabuwar ƙwarya, ta durƙusa har ƙasa, ba ta tashi sai na sha. Na ce mata don Allah ta bari, uwa ba ta durƙusa wa ɗa, ko kallona ba ta yi ba. A gindin ƙarfen kuma nakan tarar da zangarniyar gero an jingine, wani lokaci farin goro. Na ce aikin yara ne, na share da ƙafa. Har labari na riƙa bai wa abokaina cewa a garinsu mahaifiyata an san darajar injiniya.

Damina ta farko ta wuce, fenti ya dusashe yadda ordinata ta ce. Ta biyu ramuka suka fito. Ana tsakiyar ta uku, gero ya kai ƙugu, kawuna ya buga mini waya da hantsi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Ta hwara. Ka taho."

Murna ta kama ni. Hasashena ya faɗa daidai, kuma shi ne na farko da ya cika a duk furojen. Na ce masa ba abin gaggawa ba ne, zan haɗa kaya in zo mako mai zuwa. Sannan ya ce tun ranar da kukan ya fara Inna ta ɗauki tabarma ta hau tudun, ta zauna gindin fanka, ba ta ci ba, ruwa ma sai an matsa mata take kurɓa. Ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai na zo. Ya ce in na kai mako mai zuwa, to in taho da likkafani.

Na tafi gida na gaya wa mahaifiyata, ina mita cewa ban ga abin da ya haɗa azumin Inna da fiffike ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce in faɗa mata abin da na faɗa ranar taron, kada in rage kada in ƙara. Na maimaita. Ina kaiwa ƙarshe ta zauna daɓas a bakin gado, ta dafe kai, ta yi salati.

Ta ce ashe duk karatun nan nawa Hausa ce ban iya ba. Iska a bakinsu ba wadda ke kaɗa ganye ba ce kawai, ai kowa ya san wannan. Shi kuma gyara, a ƙasarmu shi ne abin da mutanen gabas ke ce wa girka. In iska ta kama mutum, zima ya killace shi ana yi masa kiɗa da magani, har ranar ƙarshe a buɗe wa iskar baki ta faɗi sunanta. In ta faɗa, an san da wa ake, mutum ya samu kansa su zauna lafiya. In ba ta faɗa ba, ita ba ta tafi ba, ita ba ta zauna ba.

Ta ce Inna tana budurwa abin ya kama ta. Mahaifinsu ya fara yi mata gyara a kan wannan tudun da muka kafa ƙarfenmu. Ana gobe za a buɗe baki ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. An je wa zimomi har ƙasar Damana, kowa ya ce ba ya sa hannu a aikin da wani ya buɗe, aikin gidansu ne, sai jinin gidan. Kawuna ya riƙi salla ya ce ba ruwansa. Haka Inna ta zauna tun tana da kitson 'yan mata har ta yi furfura. Sai ga jikan zima ya tsaya a kan tudun kakansa, gaban gari duka, ya yanka wa'adi, ya ce iska za ta yi kuka, baki zai buɗe, shi zai zo da kansa ya yi gyara.

Na ce ai ni fiffike nake nufi. Ta ce ta sani, sai in je in gaya wa wadda ta yi damina uku tana ƙirga hadari. Da na miƙe zan tafi kuma sai ta hana ni, ta ce ba ta haife ni don wannan ba. Ta tashi ta yi alwala, ta dawo idanunta sun yi ja, ta ce in tafi yanzu. "'Yar'uwata ta, ba ni da wata. Ka tahi ka gaya mata gaskiya, ka sa ta ci abinci. Amma kada ka yi abin da Allah ba ya so."

Na ɗaure akwatin aiki a bayan babur na kama hanya bayan azahar. Gabas ta fara haɗa baƙi. Tun ina cikin gonaki, gari bai ko bayyana ba, na fara jin kukan ta cikin ƙarar babur. Na kashe injin na saurara. Na san fiton fiffike, an sha kunna mana shi a makaranta, ƙara ce siririya mai ban haushi. Wannan ba haka yake ba. Yana hawa ya sauka, ya ja dogo ya karye a ƙarshe, kamar goge a hannun tsoho. Babu kowa a gonaki, ga hauyoyi an yar a bakin kunya. Na ce wa kaina ramukan ne ba su zo daidai da juna ba, shi ya sa muryar ta rabu. Bayani ne mai kyau, har yau ban ga aibinsa ba, amma bai hana tsikar jikina tashi ba.

Na tarar da gari duka a kan tudu, an zauna an yi da'ira, babu mai magana. Ga mata da ƙore a kife gabansu. Ga baƙin bunsuru a ɗaure. Ga wani tsoho da ban sani ba, goge a kan cinyarsa, kawuna ya ce daga nesa aka ɗauko shi. A tsakiya, daidai ƙarƙashin fikafikan, Inna ce zaune cikin farin zane. Na kusa kasa gane ta. Wuyanta ya zama kamar kara, leɓunanta sun tsattsage.

Kawuna ya ja ni gefe yana kauce wa idona. Ya ce shi ya san abin da nake nufi tun ranar farko, ya so ya yi magana ya ga fuskar yayarsa ya kasa, don bai taɓa ganin ta da rai a ido ba sai ran nan. Ya ce shi mai salla ne, bai yarda da komai a nan ba, amma ba zai iya kallon ta ta mutu a kan tabarma ba.

Na je na tsuguna gabanta na gaishe ta. Na yi mata bayani da Hausa mafi sauƙi da na iya. Na ce iskar da na faɗa wannan ce da ke kaɗa mata zane. Bakin da na ce zai buɗe na fiffike ne. Gyaran kuwa, na buɗe akwati na nuna mata gam da takardar gurza da faifan liƙi. Na ce ban gaji komai daga kakana ba, ko kamanninsa ban sani ba. Na roƙe ta ta sha fura mu sauka gida, don zama a nan ma hatsari ne.

Ta saurare ni har na gama. Da ta yi magana sai da na matsa kafin in ji.

"Wa ya gaya maka damana ukku?"

Na ce ordinata ce ta lissafa.

"Ita kau wa ya gaya mata?"

Na ce babu kowa, awon ruwa ne da na iska muke ba ta, daga nan take ganewa.

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar na ba ta amsar da take jira. "To, ɗana. Ga mu."

A nan haushi ya kama ni, haushin wanda tsoro ya hana sakat. Na ce bari in nuna musu ƙarfe ne. Na je akwatin da ke gindin ƙarfen, na buɗe, na ja birki. Fikafikan suka yi gurnani, suka rage gudu, kukan ya yi ƙasa ya yi ƙasa, har suka tsaya cak. Tudun ya yi tsit, har ina jin bunsurun yana tauna igiya. Na juyo na buɗe hannuwa zan ce kun gani.

Sai kukan ya dawo.

Na ɗaga kai. Fikafikai uku suna tsaye, ko motsi babu. Na ce wayoyin da suka ɗaure ƙarfen ne, na ruga na kama ɗaya da hannu, na kama ta biyu, shiru suke. Na dubi tsohon mai goge. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, gogen na kwance a cinyarsa, ya ce, "Ba ni na ba." Kuma lokacin na lura kukan ba daga sama yake zuwa ba. Yana ƙasa, a bayana.

Inna na zaune yadda na bar ta. Bakinta a rufe, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa. Daga cikinta yake fitowa, wannan hawa da saukar, wannan karyewar ta ƙarshe, babu bambanci ko kaɗan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ta tsayawa ta ja numfashi. Na tsaya ina jiran ta tsaya, ba ta tsaya ba. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe, leɓunanta suka fara sauya launi. Mata suka ja baya, wasu suka rufe fuska da gyale. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba.

Tsohon ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce na hana iskar wurin zamanta, ta sauko, yanzu sai dai in ƙarasa. Na ce wallahi ban iya komai ba. Ya ce babu abin iyawa, duk aikin an yi shi tun kafin a haife ni, tambaya ɗaya ta rage. In tambaye ta sunanta. Na dubi kawuna, ya kawar da kai hawaye na bin gemunsa. Na tuna maganar mahaifiyata duka biyun, na ga a nan ba su tafiya tare. Na karanta abin da ya zo bakina na addu'a, na ce Allah kai ka san ba komai nake nema ba sai ran baiwar nan taka. Na durƙusa gabanta na ce, "Wace ce ke?"

Kukan bai tsaya ba. Tsohon ya ce ba a faɗa wa taro, in kai kunne.

Na kai kunnena bakinta. Kukan ya yanke kamar an datse shi da wuƙa. Na ji numfashi a kunnena, mai sanyi kamar na bakin rijiya, daga bakin matar da ta wuni cikin rana. Sannan aka faɗi suna. Ba muryar Inna ba ce, kuma ba zan ce ta mace ce ko ta namiji ba. Suna ne gajere, ban taɓa jin sa ba, amma ya shige ni kamar na daɗe da saninsa.

Inna ta sulale a jikina, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na zaci ta tafi. Sai na ji ƙirjinta ya ɗaga, ta ja numfashi mai tsawo, ta yi tari. Yayyafi ya fara sauka. Ta buɗe ido ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya da wata murya mai kaifi da ban san tana da ita ba, wane marar hankali ne ya fito da ita cikin ruwa, kuma ko an daina dama fura a garin nan ne. Wata mata ta fashe da kuka, wata ta fashe da dariya. Tsohon ya kama hannuna ya ce abin da na ji nawa ne, kada in faɗa wa kowa, kada in kira shi ko ni kaɗai ne a ɗaki. Bunsurun dai ban san yadda aka yi da shi ba, ban kuma tambaya ba. Na hau babur cikin ruwa na koma Filinge, ban kwana ba.

Da muka dawo da abokan aiki muka kwantar da ƙarfen, na duba fikafikan da kyau, ina fatan in ga wani abin mamaki ko in ga wani abin da zai kwantar mini da hankali. Babu ko ɗaya. Bakinsu ya ci daidai yadda ordinata ta ce, daidai wurin da ta ce. Muka gurza, muka cike da gam, muka liƙe, muka ɗaga. Ya ci gaba da juyawa shiru, ruwa ya dawo shato. A buro aka yaba mini, har aka sa hoton fiffiken a bango.

Inna kuwa sai ta zama wata. Ta yi ƙiba, ta zama mai surutu da faɗa, duk abin da ta haɗiye shekara da shekaru ta fito da shi. Ta daina durƙusa mini, ta koma aikena kamar kowane ɗa, tana ce mini mai hular kwano. Ranar kasuwa takan zo Filinge da garin kuka da kuɓewa busasshiya, ta sauka gidanmu, su raba dare suna hira da mahaifiyata har maƙwabta su yi ƙorafi. Mahaifiyata ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a kan tudu ba. Ta dai sa na yi sadaka, ni ma na yi ta istigfari, don ban san a wane ma'auni za a sa abin da na yi ba.

Ni aka bari da kaya. Sunan nan ya zauna mini a ka, ba ya tsufa. Ina cikin salla ya zo, ina kan babur ya zo, wani lokaci in ji shi a kan harshena sai na cije. Ban yi ciwo ba, ban ga komai ba, amma na daina jin ni kaɗai ne a duk inda nake. Mutane kan tambaye ni ko na yarda da waɗannan abubuwa. Ni dai na san lissafina daidai ne, na kuma san abin da kunnena ya ji, kuma na gaji da ƙoƙarin sa ɗaya ya kori ɗaya. Abin da na koya ƙarami ne: in zan yi wa mutane magana a garinsu, nakan fara tambayar wani tsoho yadda maganar za ta sauka a kunnensu.

Inna ta yi shekaru masu kyau kafin ciwon ajali ya zo. A ɗakin mahaifiyata ta yi jinya. Wata rana da hantsi ta sa aka kira ni, ta ce kowa ya fita. Ta kama hannuna ta ce akwai abin da take so ta tambaye ni tuntuni, kunya ta hana. Ta ce wanda aka hau ba ya jin abin da aka faɗa da bakinsa. Tun tana budurwa suke tare da iskar, ta cinye mata aure, ta cinye mata ƙuruciya, daga baya suka shirya, amma har yau ba ta san da wa ta zauna ba.

"Kai ɗai ka sani, ɗana. Ba ni abina."

Na tuna gargaɗin tsohon, na kuma dubi fuskarta. Na sunkuya na faɗa mata a kunne, karo na farko da sunan ya fita daga bakina. Sannan ta juya kai ta dubi kusurwar ɗakin, inda babu komai sai tulu, ta yi 'yar dariya irin ta wanda ya gane tsohon sani a kasuwa. Ta ce, "Ashe ke ta." Ba da ni take ba. Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba ta rasu, cikin barcin rana, fuskarta a sake.

Bayan an share makoki muna zaune da mahaifiyata a tsakar gida, sai ta yi tambayar da ta daɗe tana riƙewa. Ta ce ta ji dariyar yayarta ta bayan ƙofa ran nan, me na gaya mata? Na ga babu sauran abin ɓoyewa, na buɗe baki zan faɗa. Babu. Na lalubi kaina sama da ƙasa, sunan da ya hana ni sakat shekara da shekaru, ko harafinsa na farko ban samu ba. Na ce mata wallahi na manta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta shafa fuska da hannu biyu.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ta tahi da abinta, ba ta bar mini shi cikin ɗana ba."

Har yau bai dawo ba, ni kuma ban neme shi ba.